Daga Allo Zuwa Fasta: Koyon Tsara Haruffa a Kan Takarda da Riga

Lacca ga ɗalibai da matasa masu sana'ar zane da ɗab'i na Kankiya da Kusada



   

An nemi in yi magana kan yadda mai koyon zane zai san haruffa, ya iya zaɓensu, ya iya jera su. Zan bi ta kan abubuwa biyu da ke hannunku kullum: fasta, da kayan rabo irin su riga da hula da kofi da memo da kalanda. A ƙasarmu yawancin masu wannan sana'a ba da littafi suke farawa ba. Kafin a miƙa wa yaro shafi ɗari biyu ya tsara, ya riga ya yi katin ɗaurin aure, ya yi banar walima, ya yi fastar ɗan takara. Ni kuwa ina ganin alheri ne a fara ta nan, domin fasta ba ta rufa wa mai ita asiri. Da an manna ta a bango, kowa ya zama alƙali.

Garin nan na Kankiya yana kan babbar hanyar da ta haɗa Kano da Katsina. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In fasinja ya fara iya karanta banarka daga nisan mita 50, daƙiƙa uku ke gare shi kafin ya wuce ta. A daƙiƙa uku ba za a karanta sunan babban baƙo da uban taro da uwar taro da mai masaukin baƙi da baƙo mai jawabi ba. Don haka tun kafin mai zane ya kunna kwamfuta sai ya tambayi kansa: in mutum zai tafi da magana ɗaya tak, wacce nake so ya tafi da ita? Wacce ke bi mata? Galibi amsar ba ta wuce abu uku: mene ne, yaushe ne, a ina ne. Sauran duka su jira wanda ya tsaya da ƙafarsa.

Masu sana'ar allunan talla suna da wani ma'auni na kintace: inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisa. In muka bi shi, harafin da ake son karantawa cikin sauƙi daga mita 50 sai tsayinsa ya kai wajen santimita 40. Takardar A3 kuwa, wadda aka fi buga fasta a kanta, tsawonta gaba ɗaya santimita 42 ne. Kun ga ke nan fastar A3 ta mai tafiya a ƙasa ce, ta mai jiran mota a tasha, ta mai shan shayi a bakin titi. Wanda ke cikin mota bana ko babban allo ne nasa. Mai zanen da bai tambayi inda za a rataye aikinsa ba, bai san girman harafin da zai sa ba.

Turawan Birtaniya sun sha wannan wahala a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da suka fara gina manyan hanyoyin gudu. Aka ɗora wa Jock Kinneir da Margaret Calvert aikin sake tsara allunan hanya. Suka ƙirƙiri zubin harafi na musamman, suka kuma zaɓi rubuta sunan gari da babban baƙi ɗaya a farko, sauran ƙanana, maimakon manyan baƙaƙe zalla. Hujjarsu ita ce ido yana gane kalma daga siffarta, inda ta yi sama da inda ta yi ƙasa, tun kafin ya bi haruffanta ɗaya bayan ɗaya. Ku gwada da kanku: ku rubuta Ingawa da manyan baƙaƙe, ku rubuta ta da ƙanana, ku ja da baya. Ta farko sanda ce miƙaƙƙiya, ta biyu tana da kai da wutsiya. Ban ce a daina manyan baƙaƙe ba, suna da amfani a kalma ɗaya ko biyu. Amma jimla guda da su gajiyar da ido take yi.

Akwai wani ɗalibi, ɗan wajen Kusada, da ya zauna a hannuna lokacin da makarantarsu ta tura su koyon aiki. Yaro ne mai ido da haƙuri, ya kuma riga ya ƙware a PixelLab a waya da CorelDRAW a kwamfuta. Aikin farko da ya kawo mini fastar wasan ƙarshe ce ta gasar ƙwallon unguwanni. Kowane layi da nasa zubin harafi, abin da masu kwamfuta ke kira font. Sunan ƙungiya ɗaya yana ci da wuta, na ɗayar yana da inuwa, rana da wuri kuma sun maƙale can ƙasa da jan launi a kan kore. Ban ce masa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Muka buga ta, muka manna a bangon waje, muka tsallaka ɗaya gefen titi, na ce ya nuna mini ranar wasan. Shi da ya tsara da kansa bai iya hango ta ba.

Sai na ɗora masa sharaɗi: ya sake ta da zubi ɗaya tak, baƙi a kan fari, ba hoto, ba ado. Ya ce to da me zai yi aiki? Na ce da girma, da kauri, da fili. Abu mafi muhimmanci ya fi girma. Abin da ake so ya tsaya a ido a ba shi kauri. Abubuwan da suke tare, kamar rana da lokaci, a matso da su kusa, waɗanda ba su da alaƙa a raba su. Filin nan shi ya fi yi masa wuya, domin shi da masu ba shi aiki duka suna ganin duk inda aka bari fari asarar kuɗin takarda ce. Amma ku 'ya'yan manoma ne, kun san in aka cusa iri a rami ɗaya ba a rage ba, babu wanda zai fitar da zangarniya ta kirki. Launi sai daga baya na bar shi ya dawo da shi, bayan ya ga dalilin da ya sa ja a kan kore ba ya fita: haskensu ya yi kusa da juna, kuma akwai mutane, yawancinsu maza, da idonsu ba ya rarrabe su sosai.

Yaron nan ya yi makarantar allo kafin boko, kamar yawancin waɗanda ke zaune a nan. A wannan gaɓa nake so in ɗan daɗe, domin muna da gado a fannin nan wanda ba mu cika lura da shi ba.

Ku tuna yadda aka koya mana babbaƙu kafin farfaru. Malam bai tsaya ga cewa wannan lam ne ba. Akwai lam ara, akwai lam jaye. Akwai ba guje, da nun ara, da ha kuri. Harafin da ya buɗe baki a farkon kalma ambaki ne, da ya ƙulle a tsakiya kuwa sai a kira shi da sunan likkafa, don kamar da ya yi da ita. Sunayen nan duka bayanin siffa ne da mazauni. Abin da ake zaunar da ɗalibin jami'a ana koya masa, wato sanin gaɓoɓin harafi, ina ƙafarsa, ina cikinsa, ina wutsiyarsa, shi ne kolo ɗan shekara biyar yake rerawa a gaban malam. Idon da aka horar haka ya riga ya yi nisa. Abin da ya rage masa kawai a nuna masa cewa a da e da g na boko su ma suna da ciki da baya da ƙafa, kuma su ma kallo suke so irin wancan.

Ku dubi kuma yadda alaramma yake aiki in zai rubuta Alƙur'ani. Sai ya fiƙe alƙalaminsa na gamba, faɗin bakin alƙalamin kuwa shi ke yanke kaurin kowane harafi. Daga shafin farko har na ƙarshe kaurin nan ɗaya ne, tsayin alu ɗaya ne, tazarar layi ɗaya ce. Launi ma ba don ƙawa yake sa shi ba. Baƙar tawada ta baƙaƙe ce, ja ta wasula, ɗigon rawaya da na kore kowanne da irin hamzar da yake nunawa. Mai karatu da ya ga launi ya san me ake nufi. Zayyana tana nan, mai kyau ƙwarai, amma a gefe take, tana nuna izu ko wurin sujada, ba ta hawa kan harafi ta danne shi. Da yake ba a ɗinke takardun, a gafaka ake ajiye su warwara, sai a rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi, don kada tsari ya rikice. In an gama kuma sai a kai wa gwanaye su bi harafi bayan harafi, su fitar da gyara. Duk wata ƙa'ida da zan koya muku yau tana cikin wannan aiki: daidaito, launi mai aiki, ado da ya san wurinsa, da dubawa kafin fitarwa.

Kada ku ɗauka rubutun hannu da haruffan titi ba sa haɗuwa. Edward Johnston, wanda ya zana haruffan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan a 1916, asalinsa gwanin rubutun hannu ne da alƙalami mai faɗin baki, kuma har yau gyararren zubin nasa ake gani a tashoshin. A nan gida, marigayi Sharu Bala Gabari na Kano ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, aka ɗauki hoton rubutun aka buga a inji, ya shiga kasuwanni da tsangayu har idon jama'a ya saba da wannan kakkauran rubutu na Kano. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da wani zubin harafi na kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka gina a kan irin wannan rubutu, kuma kyauta ake sauke shi. Na yi murna da fitowarsa. Amma ba zan ɓoye muku ba, na so a ce daga hannun yaranmu ya fito, yaran ƙasar da ta haifi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani.

Yanzu mu dawo kan boko, mu yi maganar haruffa uku da ake zalunta kullum a bangon garuruwanmu: ɓ da ɗ da ƙ.

Haruffan nan ba daga sama suka faɗo ba. Lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, ɗigo ake sa wa a ƙarƙashin harafi don nuna waɗannan sautuka. A shekarun 1930 ne, zamanin da Rupert East yake jagorantar hukumar talifi a Zariya, aka koma ga masu lanƙwasa. A wannan zamani aka yi gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, editanta Abubakar Imam, wanda ya koyar a Makarantar Midil ta Katsina kafin ya koma Zariya. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Ku sani a lokacin kowane harafi ƙarfe ne da aka zuba da dalma. In kana son ƙ, sai an yi mata mazubi na musamman, kuma kowane girma da nasa. Da wannan wahalar mutanen nan suka buga mana littattafai da lanƙwasarsu cif. A shekarun 1980 ma, da aka so samar da zubi ɗaya da zai ɗauki harsunan Najeriya, har da Hermann Zapf, ɗaya daga cikin manyan masu zana haruffa na Jamus, aka sa a aikin.

Mu kuma yau, da yatsa ɗaya ake samun harafin a waya, amma sai ka ga bana ta mita uku tana yi wa "manyan baki" maraba. Ka ga "Karamar Hukuma", ka ga "daurin aure". Wani zai ce ai ana ganewa. A cikin doguwar magana ana ganewa, domin abin da ke gaba da baya yana taimako. Fasta kuwa kalmominta kaɗan ne, ba ta da mai ceto. Tsakanin bari da ɓari a fastar asibiti akwai rai. Tsakanin ƙasa da kasa, ko fada da faɗa, akwai mutuncin wanda ya biya kuɗin aikin. Abin da ya fi damuna shi ne yara. Ɗan aji biyu da ke wucewa zuwa makaranta yana karanta bango fiye da yadda yake karanta littafi, kuma abin da ya gani an buga da inji shi yake ɗauka daidai. Mai zanen fasta malamin rubutu ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Gyaran ba shi da wuya. Kafin ka ƙaunaci kowane zubi, ka fara buga masa ɓ ɗ ƙ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ. In ya ba ka akwati fanko, ko ka ga harafin ya fito da wata kama daban da ta 'yan'uwansa, to ba shi da su, kwamfuta ce ta aro daga wani wuri, sai ka bar shi. Noto na Google yana da su, haka Andika da Charis na SIL, kuma duka ba a biyan ko kwabo. Andika ma don masu koyon karatu aka yi shi, an bambanta lamba 1 da ƙaramin l da babban I yadda ba za su rikita yaro ba, don haka ya dace da aikin firamare da na magani. A waya, Gboard yana da allon Hausa. A Word, in ka rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. In ka gama aiki a CorelDRAW za ka kai wani shago a buga, ka mayar da rubutun zane ta hanyar danna Ctrl da Q, domin in babu zubinka a kwamfutarsu, lanƙwasar ce za ta fara ɓacewa. Ka ajiye kwafin da ba ka mayar ba saboda gyara.

Bayan an samu harafin, sai a duba zamansa da maƙwabta. Lanƙwasar ɗ tana karkata dama, takan yi karo da ɗigon i a kalma irin ɗinki, sai an ɗan buɗa tsakaninsu. Ta Ɗ da Ɓ kuwa hagu take, don haka in suka fara layi sai ya zama kamar layin ya shige ciki, sai an ɗan jawo shi. Kada a raba ts ko sh ko ƙw a ƙarshen layi, sauti ɗaya ne. A kuma kula da rabon kalmomi: na gode kalma biyu ce, shi ne kalma biyu ce, ya ba da kalma uku ce. Wanda zai yi wa 'yan'uwanmu na Maraɗi aiki ya tuna su ƴ suke rubutawa inda muke sa 'y.

Riga kuma tata koyarwar daban ce, kuma ta fi ta fasta zafi, don kuskure a takarda ɗaya ne, a riga kuwa dila guda ce. A bugun sikirin, raga ake ɗaurewa a jikin katako, a toshe ko'ina sai inda rubutu yake, a ja fenti da roba ya ratsa. Kowane launi da ragarsa, shi ya sa launi uku ya fi ɗaya tsada. Ɗalibin nan nawa ya karɓi aikin rigunan 'yan ajin ƙarshe na wata sakandare. Ya zuba sunayensu duka a baya, da wani siririn harafi mai kama da rubutun hannu, wanda ya yi kyau matuƙa a fuskar kwamfuta. Da aka ja gwaji a kan tsumma, fenti ya cike cikin a da e da o, siraran layuka suka tsinke, lanƙwasar ƙ ta zama ɗigo. A ranar ya gane cewa farin da ke cikin harafi shi ma harafi ne. Ya koma ya ɗauki zubi mai buɗaɗɗen ciki, mai kauri matsakaici, ya ƙara tazara, ya bar launi ɗaya. Allah ya sa a tsumma aka gwada.

Kowane kaya da halinsa. Rubutun roba da ake yankawa da inji a manna da zafi, ƙananan kusurwoyinsa ne ke fara ɗagowa bayan wanki. Yadin tishat yana miƙewa a ƙirji, harafi ya buɗe. A hular hana-salla da ake yi wa aikin zare da inji, harafin da ya gaza wajen milimita 5 dunƙulewa yake yi. Kofi kewaye yake, ido ba ya ganin rabinsa a lokaci guda, don haka doguwar addu'ar amarya da ango ba nan ne wurinta ba, ta fi dacewa da bangon memo. Akwai kuma ɗabi'ar da nake roƙon ku bari daga yau: kama harafi da linzamin kwamfuta a ja shi sama ko gefe don ya cika wuri. Wanda ya zana shi ya auna kaurin tsaye da na kwance, in ka ja, ka lalata awon. In wuri ya yi ƙunci, akwai zubi matsattse da aka yi don haka.

Game da launi zan taƙaita. Fuskar waya haske take fitarwa, takarda kuwa tawada huɗu ake haɗawa a kanta, don haka shuɗin da ya burge ka a waya zai iya fitowa a dushe. Ranar ƙasarmu tana cin ja da rawaya da wuri, ƙurar hunturu tana rufe sauran. Rawaya a kan fari ɓatacce ne tun daga shago.

Ina ganin 'yan Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta nan Kankiya a cikinmu, to wannan taku ce. A ƙauyukanmu akwai dattawa maza da mata da boko bai zauna musu ba, amma suna karanta ajami tar. Gwamnati ta san da haka tun da daɗewa, shi ya sa aka sa ajami a takardun naira. A 2007 aka cire shi daga naira 5 zuwa 50, amma yana nan a 200 da 500 da 1000. Sanarwar rigakafi ko ta awon ciki da aka rubuta da boko da ajami tare za ta shiga gidajen da ta boko kaɗai ba za ta shiga ba. Sai dai a kula da abu biyu. Wasu manhajojin suna wargaza haruffan Larabci, su raba su, su jera su daga hagu, wanda bai iya karantawa ba kuwa ba zai lura ba. Na biyu, mu da muka tashi da Warshu, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. In ka ɗauki zubin mutanen gabas, fa ɗinsu mai ɗigo a sama ƙaf dattijon nan zai karanta. Ka nemi zubin da aka yi don mu, irin Alkalami ko Harmattan, ka kuma kai wa malami ya duba kafin a buga.

Tun da maganar ta kawo mu nan, malamanmu na zaune, zan faɗi ra'ayina su gyara mini. Ban ga dacewar buga aya a jikin riga ko a fastar da za ta kwana biyu ta faɗo ƙasa ba. Riga ana shiga da ita ko'ina, fasta kuma ƙarshenta kwata ko ƙunshin ƙosai. In mai aiki ya nema, ka ba shi shawara cikin ladabi, a sa ta a kalanda ko a firam da za a rataye a ɗaki.

Ladabin nan shi ne rabin sana'ar. Lokacin zaɓe in ya zo, shagunan Kankiya da Kusada da Ingawa, waɗanda mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, ba sa barci. Mai aiki zai zo da sunansa, da laƙabinsa, da sarautarsa, da hotunan iyayen gidansa huɗu, kowanne kuma yana so a ƙara masa girma. Kada ka yi masa gardama. Ka yi biyu, nasa da naka, ka buga su ƙanana, ka ce: ranka ya daɗe, mu ɗan fita waje mu gani. Ka tuna masa cewa a takardar ƙuri'a alamar jam'iyya mai zaɓe zai nema, don haka ita da sunan da jama'a suka san shi da shi su ne ba za a ƙuntata ba. Wani zai yarda, wani ba zai yarda ba, kuɗinsa ne. Amma kai ka sauke nauyi. Kuma ku daina ba da zane a matsayin gyara a kan kuɗin bugu. Ku rubuta kuɗin zane daban a rasit ko da kaɗan ne, don mutane su saba cewa tunanin da aka yi kafin inji ya tashi shi ma aiki ne.

Wanda ke son zurfafawa, akwai sashen zanen masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake koyar da zanen ɗab'i. A garin ne a 1958 wasu ɗalibai, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta dage a haɗa dabarun zamani da fasahar gida. Amma aikin da zan bar muku ba ya bukatar takardar shiga jami'a.

A kasuwannin nan namu da tashoshinmu har yanzu akwai allunan shago da aka rubuta da buroshi, da rubutun jikin manyan motoci, da sunayen makarantun Islamiyya a bango. Bana ta roba tana cinye su ɗaya bayan ɗaya, masu hannun kuma suna tsufa. Ina so ku kasu gida-gida, 'yan Kankiya su ɗauki nasu yanki, 'yan Kusada nasu. Ku ɗauki hoton kowane allo a miƙe, ba a karkace ba, ku rubuta wuri da rana, ku nemi wanda ya rubuta shi ku gaishe shi, ku nemi izininsa. In kun sami mai hannu mai kyau, ku kai masa takarda ku roƙe shi ya rubuta muku baƙaƙe da wasula duka, manya da ƙanana, da lambobi daga 0 zuwa 9, da ɓ da ɗ da ƙ yadda shi yake lanƙwasa su. Haka za ku yi da alaramman da ya yarda ya rubuta muku babbaƙu, kowanne a farko da tsakiya da ƙarshe. Akwai manhaja ta kyauta mai suna FontForge da ake mayar da irin wannan zane zubin kwamfuta. Aikin yana cin watanni, yawancinsu a gyaran tazara za su tafi, kuma wanda kuka ɗauki hannunsa sunansa ne zai hau kan zubin, da rabonsa in an samu kuɗi. Wanda ya shirya ya ba shugaban zama sunansa kafin a watse, ni kuma zan duba zanen farko na kowane rukuni.